Waƙoƙin Japananci da suka dace da mai koyon yaren, da inda ake samunsu

Ɗan'uwa ka ce ka gama hiragana da katakana, wato baƙaƙen Japananci na sauti, ka fara taɓa kanji, haruffan nan na asalin Sin, kaɗan kaɗan, kana so ka riƙa jin waƙoƙin Japananci don kunnenka ya saba, amma duk wadda ka kunna cikin waɗanda ake buɗe anime, katun ɗin Japan, da su gudu take kamar ana korarta, da ƙyar kake tsintar kalma biyu uku, shi ne kake tambaya wa ya kamata ka fara ji kuma a ina ake samu. Toh ka kwantar da hankalinka, kunnenka lafiyarsa ƙalau, kawai dai ka shiga ta ƙofa mafi wahala ne, kuma kusan duk ɗaliban da na koyar ta nan suka fara shiga.

Abu na farko da nake so ya zauna maka, daɗin waƙa daban, amfaninta ga mai koyo daban. Dubi yadda mutanenmu suka tashi da waƙoƙin Indiya, zaka samu mutum ya haddace waƙa tun daga farko har ƙarshe, duk wata lanƙwasar murya ya iya, amma ka ce ya faɗa maka ma'anar baiti ɗaya sai ya tsaya. Haka zata faru da kai in dai jin kawai kake yi. Ni in zan zaɓar ma ɗalibi waƙa abin da nake dubawa shi ne murya tana gaba kiɗa yana baya, mawaƙin yana ba kowace gaɓa haƙƙinta ba ya haɗiyewa, sannan abin da yake faɗa jimla ce da mutum zai iya faɗa a hira ba tarin kalmomin da aka jera don su hau kan ganga ba. In waƙa ta cika waɗannan, ko ta shekara hamsin ce ta fi maka sabuwar da ta fito jiya.

Akwai dalilin da yasa waƙoƙin yanzu suke da wannan gudun. A 2007 wani kamfani a Sapporo mai suna Crypton ya fitar da Hatsune Miku, muryar kwamfuta ce da aka gina kan manhajar Vocaloid ta Yamaha, kana rubuta mata baiti da kari sai ta rera. Kwamfuta kuwa bata numfashi bata gajiya, sai matasan da suke haɗa waƙa a ɗakunansu suka shiga cusa kalmomi masu yawa a ɗan ƙaramin wuri, kari ya haura sama ya faɗo ƙasa yadda ɗan Adam zai sha wuya kafin ya bi. Waɗannan matasan su ne suka girma suka riƙe kasuwar yanzu. Yonezu Kenshi a can ya fara da sunan Hachi, Ayase na ƙungiyar YOASOBI shima daga can yake, Ado kuma da rera waƙoƙin Vocaloid ta taso. Waƙar YOASOBI mai suna Idol ta 2023 har ta hau na ɗaya a jadawalin Billboard na ƙasashen duniya ban da Amurka, ba wanda zai ce maka ba gwanaye ba ne, amma su Japanawan kansu da yawa sai sun buɗe rubutun suke kama wasu wuraren. Ka ajiye su zuwa nan da shekara ɗaya ko biyu, suna nan ba inda za su. Kuma idan lokacin yazo ka duba ma'ana kafin ka ɗora a bakinka, Yoru ni Kakeru ta 2019 karinta kamar na murna amma labarin da aka gina ta a kai na kashe kai ne, Usseewa ta Ado kuma ta 2020 maganar tsiwa ce da gatsali daga sama har ƙasa.

Inda nake tura kowa shi ne tsakanin 1970 zuwa wajajen 2000, musamman mawaƙan da suke zama da jita ko fiyano su rera. A farkon shekarun 1970 an yi wata muhawara a Japan kan ko za a iya yin kiɗan rok da Japananci, wasu irin su Uchida Yuya suka ce sai da Turanci yake tafiya, wasu samari huɗu masu suna Happy End suka ce a'a, suka fitar da kundinsu Kazemachi Roman a 1971 gaba ɗaya da yarensu. Mai buga musu ganga, Matsumoto Takashi, shi yake rubuta baitocin, kuma ya yi wani abu da zai amfane ka kai tsaye, yana ƙare layi da desu da masu, wato salon ladabin nan da littafinka ya fara koya maka, wanda ba kasafai ake jinsa a waƙa ba. Da ƙungiyar ta watse sai ya koma rubuta ma wasu, ya rubuta waƙoƙi sama da 2,000. Wannan ya kawo ni kan dabarar da nake ganin ta fi kowace wajen neman waƙa, kuma ban cika jin ana faɗarta ba, ka riƙa bin marubucin baiti maimakon mawaƙi. A Japan kowace waƙa ana rubuta mata 作詞 wato wanda ya rubuta baiti, da 作曲 wato wanda ya sa kari. In ka ji wata waƙa ta shige ka, ka fahimci yawancinta, duba sunan da ke gaban 作詞 ka nemi sauran ayyukansa, saboda marubuci yana da kalmomin da yake yawan komawa kansu da yadda yake gina jimla, waƙarsa ta biyu zata fi maka sauƙi akan ta farko, ta biyar kuwa zaka ji kamar ka san ta. Matsumoto shi ya rubuta ma Matsuda Seiko Akai Sweet Pea ta 1982, mai sanyi ce kuma kowace kalma a fili. Akwai kuma Aku Yu da ya rubuta sama da 5,000, shi labari yake baka da wuri da lokaci da wanda ya tafi da wanda aka bari, irin wannan kuwa yafi zama a kai.

Cikin masu rubutawa su rera da kansu mata biyu nake sa wa a gaba. Arai Yumi, wadda ta koma Matsutoya Yumi bayan aure, ana kiranta Yuming, ka nemi kundinta na farko Hikokigumo na 1973, muryarta miƙaƙƙiya ce ba kwana kwana. Sai Nakajima Miyuki, wadda ni a wajena ba ta biyunta wajen iya zaɓen kalma, Jidai ta 1975 da Ito ta 1992 su zaka fara da su. Ito gajeriya ce, ta kwatanta mutum biyu da zaren tsaye da zaren kwance a saƙa, shi yasa ake yawan sa ta a wajen biki, kuma mawaƙa da yawa sun sake rera ta, wanda hakan riba ce gare ka don zaka ji kalmomi iri ɗaya daga bakuna daban daban, na namiji da na mace, mai kauri da siriri. Wannan shi ne abin da kunne yake buƙata.

In kuma so kake in ce maka ga guda ɗaya tak ka fara da ita yau da daddare, Ue o Muite Aruko ce ta Sakamoto Kyu, ta fito a 1961, Ei Rokusuke ya rubuta Nakamura Hachidai ya sa kari. A watan Yuni 1963 ta yi sati uku tana na ɗaya a Amurka, aka laƙaba mata suna Sukiyaki wanda sunan wani abincin nama ne da bashi da haɗi da ita ko kaɗan, don kawai ya fi ma Turawa sauƙin faɗa, to in ka nema da wannan sunan ma zata fito. Kalmominta kaɗan ne suna ta maimaituwa, sunayen lokutan shekara suna ciki, kuma a sunanta kaɗai akwai darasi biyu na nahawu, yadda ake haɗa aiki da aiki da te, da kuma sigar bari in yi ko mu yi. Sai dai shi Sakamoto yana da wata al'ada ta karya wasali yana sa masa ɗan iska a tsakiya, wannan adonsa ne kar ka ɗauka haka ake faɗa.

In aka matso kusa akwai Kiroro, 'yan mata biyu daga Okinawa, ɗaya na fiyano ɗaya na rerawa, Mirai e ta 1998 akan uwa take kuma malaman Japananci a ƙasashe da yawa suna koyar da ita a aji. Akwai Sekai ni Hitotsu Dake no Hana ta SMAP ta 2003 wadda Makihara Noriyuki ya rubuta, an sayar da sama da miliyan 3, jimlolinta cikakku ne kamar ana baka labari. Tegami ta Angela Aki ta 2008 an yi ta ne don gasar waƙar makarantu ta NHK, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, wasiƙa ce tsakanin yaro ɗan shekara 15 da shi kansa bayan ya girma, don haka yaren na ɗan sakandare ne. Cikin na yanzu yanzu Aimyon, Marigold ta 2018, ita ta taso ne da jin waƙoƙin zamanin babanta kuma ana ji a bakinta. Ƙungiyar Spitz ma muryar a fili take tas, amma ma'anar tana da duhu, zaka gane kowace kalma ka rasa me ake nufi, kar hakan ya karya maka gwiwa don su ma masu yaren gardama suke akai.

Da yawa za su ce maka ka fara da waƙoƙin yara. Shawarar tana da kyau amma akwai rami a ciki. Tsofaffin waƙoƙin makaranta na zamanin da, waɗanda ake kira shoka, da yawansu da tsohon yaren rubutu aka yi su wanda ba wanda yake magana da shi yau. Furusato ta 1914 misali, ba Bajapanen da bai santa ba, amma a layinta na farko akwai wata tsohuwar siga ta aikin bin abu da gudu wadda take kama da kalmar daɗin abinci, har yaran Japan da yawa suke tasowa suna zaton ana cewa naman zomo ne da daɗi alhali farautar zomo ake nufi. To in ɗan gida ya ruɗe ina ga kai. Akatombo ma haka, baitin na 1921 ne karin na 1927. Ka ji su don sanin al'ada, suna da kyau wallahi, amma kar ka kwashi nahawu a ciki. Wanda yafi maka shi ne Minna no Uta, shirin minti biyar ne na NHK da ake yi tun 1961, ana sa sababbin waƙoƙi da zane, baitin yana fitowa a ƙasa, kuma don yara da iyayensu ake yi shi yasa yaren yake da tsafta. Paprika da Yonezu ya rubuta ma wasu yara a 2018 ta nan ta bi.

Enka kuma, waƙar manya ce ta kewa da rabuwa da tashar jirgin ruwa da dusar ƙanƙara, ina ganin kunnen Bahaushe zai so ta don akwai jan murya da karkarwa da suke kira kobushi. A hankali take tafiya, wannan alheri ne, amma wasali ɗaya sai a ja shi a lanƙwasa har ka manta da wace kalma aka faro, ga kalmomin da sai a waƙa ake jinsu. Misora Hibari ita ce sarauniyar fagen, waƙarta ta ƙarshe Kawa no Nagare no Yo ni ta 1989, shekarar da ta rasu, bata da wannan nauyin sosai zaka iya da ita. Ga kuma Teresa Teng, 'yar Taiwan ce, koyon yaren ta yi kamar yadda kake yi yanzu, kuma lafazinta a Toki no Nagare ni Mi o Makase ta 1986 yana fita ɗaya bayan ɗaya.

Akwai manyan da zan ce ka ji don daɗi amma kar ka kwaikwayi bakinsu. Kuwata Keisuke na Southern All Stars tun 1978 da gangan yake murɗa Japananci ya yi kama da Turanci. Utada Hikaru, wadda kundinta First Love na 1999 ya sayar da sama da miliyan 7 a Japan kaɗai, ba wanda ya kai shi har yau, a New York aka haife ta kuma tana yanka kalma a tsakiya ta ja numfashi inda ba a yankawa a magana. Fujii Kaze yana sa karin harshen yankinsu Okayama a wasu waƙoƙinsa, in ka duba ƙamus ka rasa ba laifinka ba ne. Inoue Yosui kuma ƙirƙirar kalma yake yi sukutum, a Shonen Jidai ta 1990 akwai wadda babu ita a kowane ƙamus. Su kuma waƙoƙin city pop, wani salon kiɗan Japan na shekarun 1970 da 1980, da suka dawo tashe ta YouTube, irin Plastic Love ta Takeuchi Mariya ta 1984 da Mayonaka no Door ta Matsubara Miki ta 1979, baitocinsu ba laifi, amshin ne yawanci Turanci, kaga rabin lokacinka ya tafi a wani yaren.

Yanzu bari in zo kan abin da yafi damuna, wanda littattafan da aka rubuta don Turawa ba za su faɗa maka ba, don kai da Hausa a bakinka ka shigo da jari. Wasulan Japananci biyar ne, a i u e o, kowanne da dogo da gajere, daidai irin namu. Yadda ka san gari na zama daban da garin tuwo saboda jan a, haka suke raba obasan, goggo ko inna, da obaasan, kaka. Yadda ka san daba daban dabba daban saboda shadda, haka suke raba kite, zo, da kitte, kan sarki na wasiƙa. Bature sai ya shekara yana fama da waɗannan biyun, kai kuwa tun kana goye kake jinsu. Har yadda s take komawa sh, t ta koma c in sun haɗu da i, kamar sata da saci, su ma haka ne, hanasu ta koma hanashimasu, matsu ta koma machimasu. Inda zaka kula shi ne tsu ɗinsu ba a matse maƙogwaro kamar tsamiya ko tsuntsu, a sake take, sannan p da f a wajensu ba a musanya su. To waƙa a nan take da babban amfani, saboda Japanawa ba gaɓa suke ƙirgawa ba, bugu suke ƙirgawa, suna ce masa haku. Dogon wasali bugu biyu ne, shadda bugu ɗaya ce mai zaman kanta, n ɗin ƙarshen gaɓa ita ma bugu ɗaya. Tokyo bugu huɗu ce, to o kyo o, Nippon ma huɗu, ni p po n. A tsofaffin waƙoƙin da na lissafa maka kusan kowane bugu yana da gurbinsa a kari, har n zaka ji an tsaya an rera ta ita kaɗai. In kana bi kana tafa hannu akan kowane bugu, wannan awon zai shiga jikinka, kuma shi ne abin da yake sa Bajapane ya ji maganarka ta zauna ko bata zauna ba. Waƙoƙin yanzu sun fi matse bugu biyu a gurbi ɗaya irin na Turanci, wani dalilin kenan da yasa nace ka jinkirta su.

Amma wannan kunnen naka mai kaifi zai iya cutar da kai ta wani wajen. Japananci yana da hawa da saukar murya mai canza ma'ana, kamar yadda fari na launi ya bambanta da fari na rashin ruwan sama. A bakin Tokyo ame in ka fara sama ka sauko ruwan sama ne, in ka fara ƙasa ka hau alewa ce, hashi ma haka tsakanin tsinken cin abinci da gada. Mu mawaƙanmu na gargajiya galibi karin waƙarsu yana bin karin maganar, shi yasa Bahaushe ba tare da ya sani ba yake ɗauka yadda aka rera kalma haka ake faɗarta. A da akwai masu sa kari a Japan irin Yamada Kosaku da suka dage sai kari ya bi hawa da saukar kalma, amma mawaƙan zamani yawancinsu basu damu ba, inda kiɗa ya nufa nan kalma take bi. Na sha jin ɗalibi Bahaushe yana faɗar kalma da wani sauti na daban, in na bincika sai in tarar daga waƙa ya ɗauko ta da karinta gaba ɗaya. Don haka duk kalmar da ka tsinta a waƙa, kafin ta zauna, ka je ƙamus mai murya ka ji yadda ake faɗarta a magana, ko ka neme ta a labarai. Tsawo da shadda ka karɓa daga waƙa, hawa da sauka ka karɓa daga masu magana.

Akwai wasu ƙananan bambance bambancen ma. A magana desu kusan des ake cewa, suki kuma kamar ski, wasalin yana ɓacewa, amma a waƙa dole a fito da shi don kari ya samu wajen zama. Harafin を a magana o ne, mawaƙa da yawa wo suke cewa. Sai kuma wanda yake ruɗa masu koyon kanji, marubuta suna rubuta kalma ɗaya su sa a rera wata, a rubuta 運命 da aka sani da unmei a rera sadame, a rubuta 永遠 eien a rera towa, a rubuta 時間 jikan a rera toki. In kaga rubutu da murya sun saɓa ba kuskure ba ne ado ne, kuma kar ka kai wannan karatun ɗakin JLPT, jarrabawar gwada ƙwarewa a Japananci.

Maganar ladabi kuma ka riƙe ta da kyau don nan ne ake jin kunya. Waƙa cike take da kimi da anata da omae a matsayin kai ko ke, da boku da ore a matsayin ni, har mata suna rera boku wanda a magana na maza ne. A rayuwa Bajapane ba ya cika cewa kai, sunanka zai kira ya ƙara san, malami kuma sensei, in ka ce ma malaminka ko maigidanka a wajen aiki kimi ka yi rashin kunya babba, omae kuwa ga wanda baku saba ba neman faɗa ne. Kuma kusan duk waƙa da sigar abokai take, ba desu ba masu, ba keigo wato yaren girmamawa. Kenan waƙa bazata taɓa maye maka littafi da hira ba, gefe ɗaya take riƙe maka.

Wajen nema, sirrin shi ne ka sa allon rubutun Japananci a wayarka ka nema da rubutunsu, in ka rubuta da boko rabin abin bazai fito ba. Sunan waƙa ka ƙara 歌詞付き sai ta zo da baiti a rubuce. Ka ƙara 弾き語り, hikigatari, sai ka samu mutum shi kaɗai da jita ko fiyano, wannan kalmar ita ce tafi kowace amfani gare ka, don ko waƙar anime ɗin da ta gagare ka akwai wanda ya zauna ya rera ta a hankali. Ka ƙara カラオケ ka samu ta karaoke, rubutu na canza launi daidai inda ake, da ƙananan hiragana a saman kanji da ake kira furigana. Shafin UtaTen yana sa furigana akan baitoci, Uta-Net kuma zaka iya latsa sunan marubuci duk waƙoƙinsa su jeru. A YouTube akwai tashar THE FIRST TAKE da aka buɗe a ƙarshen 2019, mawaƙi ne a farin ɗaki gaban makirfo ya rera sau ɗaya tak, kana ganin bakinsa kana jin numfashinsa. Tokunaga Hideaki kuma yana da jerin kundaye masu suna Vocalist tun 2005 inda ya sake rera shahararrun waƙoƙin mata a natse. In ka nemi wani babban mawaƙi a Spotify ka rasa kar ka yi mamaki, Japan ita ce kasuwar waƙa ta biyu a duniya bayan Amurka amma ta daɗe tana riƙe da faifan CD, manya irin Mr. Children da Yuming sai 2018 suka saki waƙoƙinsu a intanet, Spitz da Southern All Stars sai 2019, Yamashita Tatsuro kuwa ya daɗe yana ƙi. Saboda tsadar data, tunda waƙa kaɗan zaka riƙa maimaitawa, sauke su sau ɗaya lokacin da ka samu wifi ko garaɓasar dare, in bidiyo ne ka rage ingancin hoton, murya kake so.

Yadda zaka yi aiki da ita kuwa, waƙa ɗaya a sati ta isa, kar ka tara ɗari. Ka fara jinta ba rubutu har karin ya zauna. Sannan ka ɗauki biro da takarda ka rubuta abin da kake ji da hiragana, layi layi, kana tsayarwa kana komawa, in ta yi maka sauri ka rage gudun zuwa 0.75, inda baka ji ba ka bar fili. Sai ka buɗe ainihin baitin ka gwada. Wuraren da ka bari da wuraren da ka ji ba daidai ba su ne darasinka na wannan satin, nan zaka gane ko shadda ce take wuce ka ko dogon o ko ƙananan kalmomin haɗa jimlar nan wa da ga da ni. Bayan nan ka duba kalmomin a Jisho, ƙamus na intanet, ka zaɓi kamar goma waɗanda zaka iya amfani da su gobe ka zuba a Anki, manhajar haddar kalmomi, tare da jimlarsu, irin su hawaye da taurari da har abada kuwa basai ka wahala ba, da kansu za su zauna don kowace waƙa da su. Sai a ƙarshe ka rera, da ƙarfi, kana kallon rubutun Japananci. Don Allah ka rabu da baitin da aka rubuta da boko, yana ɓoye dogon wasali kamar yadda rubutun Hausa yake ɓoyewa, kuma idonka zai saba da gudun kana, alhali kanji 2,136 ne ke jiranka a jerin da gwamnatinsu ta tsara na amfanin yau da kullum. Fassarar Turanci da ake sawa a ƙasan bidiyo ma ka bar ta sai ka gama naka ƙoƙarin, Japananci yana yawan barin mai aikin ba a ambata ba, mai fassara shi yake cike ni ko kai da zatonsa, wani lokacin ya juya ma'anar gaba ɗaya.

In kana cikin masu kauce ma kayan kiɗa, ko gidanku ba a so, akwai hanya. Ka nemi アカペラ, murya zalla kenan, ko 合唱, gassho, waƙar taron ɗalibai, wadda yawanci fiyano ɗaya ne a baya wani lokacin ma babu. Makarantun Japan sun ɗauki wannan da muhimmanci sosai, ana horar da yaran su buɗe baki su fitar da kowane harafi, ga mai koyo kuwa ba abin da ya kai wannan. Tabidachi no Hi ni, wadda shugaban wata ƙaramar sakandare a garin Chichibu da malamar kiɗan makarantar suka haɗa a 1991, yanzu ita ake rerawa a bikin yaye ɗalibai kusan ko'ina a ƙasar, zaka samu ɗaruruwan bidiyonta.

Don sanin sababbin mawaƙa kuma, duk ranar 31 ga Disamba NHK tana yin Kohaku Uta Gassen, shiri ne da ya faro a rediyo tun 1951, mata jar ƙungiya maza farar ƙungiya, ana gayyato waɗanda suka yi tashe a shekarar tare da tsofaffin hannu, daga enka har masu waƙar anime. Jerin sunayen waɗanda suka fito da waƙar da kowa ya rera na kowace shekara yana nan a intanet. Ka ɗauki na bara da na 1985 misali, ka bi su ɗaya ɗaya kana jin minti guda guda, wanda ka ji kalmominsa suna fita ka rubuta sunansa da na marubucinsa, wanda ya gagara ka wuce. In ka gwada Ue o Muite Aruko ko Ito ka turo min abin da ka rubuta da hiragana kafin ka duba baitin, daga nan zan gane wadda ta kamata ka bi da ita.